Dariyar da Iya Ba Ta Yi Ba

Kafin a kira assalatu manyan motoci sun riga sun jeru a bakin Kasuwar Bodija. Wasu daga Dawanau ta Kano suka kwano hanya da wake da masara da gero, wasu daga Aliero da albasa. Tun shekarar 1987 da aka buɗe kasuwar, aka kwaso masu kayan abinci daga Orita Merin saboda cunkoso, a nan mutanen Ibadan da yawa ke sayen abin da za su ɗora a tukunya. Buhu kuwa ba ya sauke kansa, shi ya sa 'yan dako da masu baro ke rigan kowa isowa.

Cikin 'yan dakon nan akwai wani saurayi Bagobiri, mutumin wajen Sabon Birni. Rashin tsaro ne ya hana su noma a garinsu, ya biyo motar albasa ya sauka Ibadan da riga ɗaya a jikinsa da wata a leda. Ya sami wurin kwana a Sabo, a zauren wani maigida, kamar yadda baƙi daga Arewa suka saba samu tun 1916 da aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, zamanin da goro ke hawa Arewa shanu na gangarowa Kudu. Kullum da asuba zai shiga ƙaramar motar Micra daga Mokola ya sauka Bodija, ya karɓi baron haya, ya kama aiki.

Allah ya yi wa yaron nan baiwa biyu. Yana da murya mai zaƙi, kuma idan ya kalli mutum sau ɗaya ya ɗauke shi ke nan: tafiyarsa, tarinsa, yadda yake ƙirga kuɗi, yadda yake kallon mai neman bashi. Da dare a teburin mai shayi a Sabo, sai ya miƙe ya zama direban tirela, ya juya ya zama ɗan kamasho, ya ƙaga waƙa nan take a kan wanda ya ci burodi bai biya ba. Mutanen da suka yini ƙarƙashin buhu sai su yi ta dariya har da riƙe ciki. Daga nan aka fara kiransa Ibron Badun, wato Ibron Ibadan, sunan kuwa ya shiga kansa. Ba shi da zance sai ranar da zai jefar da baro ya tafi Kano ya shiga fim, a ji waƙarsa a kowace waya.

A layin masu alabo da garin kwaki akwai wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya. Tun buɗe kasuwar take wurin. Ita ce ta fara ba Bagobiri kaya ranar da ya iso, lokacin ba wanda ya san shi balle ya amince masa da buhu. Da ta lura bai karya ba, ta saya masa amala da miya. Da ta ga ba shi da inda zai ɓoye abin da ya samu, tunda zaure ba ya da makulli, ta ce ya riƙa kawowa tana ajiye masa. Tana rubuta kowace naira a bayan littafin bashinta. Iya tana ɗingishi, ɗan acaɓa ne ya taɓa buge ta ƙafar ba ta koma daidai ba. Hausarta kuma ta kasuwa ce, takan ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai", idan ranta ya ɓaci harshen ya ƙara karyewa.

Wata rana abokinsa mai babbar waya ya ce masa, "Kai, dariyar teburin mai shayi ba ta kai mutum Kano. Zo mu ɗauka mu sa a TikTok." Suka gwada direban tirela, ba wanda ya kula. Suka gwada ɗan kamasho, haka. Sai abokin ya ce, "Yi mana Iya."

Bagobiri ya ɗaura zane, ya naɗa gwaggwaro, ya ɗauki kwanon awon nan da ake kira kongo. Ya ja ƙafa daidai yadda Iya ke ja, ya karya harshe daidai yadda take karyawa, ya ɗora waƙa mai amshi a kan ɗingishin. Ba wanda zai gani a Bodija ya ce bai gane wadda ake nufi ba. Kafin kwana uku dubban mutane sun kalla. Har daga Kano da Maraɗi ana yi masa kirari a ƙarƙashin bidiyon. Ranar bai iya cin abincin dare ba don murna.

A kasuwa kuwa wani abu ne daban ya faru. Yara masu tallan ruwan leda suka fara bin Iya a baya suna jan ƙafa suna rera amshin. Masu saye su tsaya gaban rumfarta da waya a hannu, su ce ta maimaita maganar su ji ko ta yi daidai da ta bidiyo. Matar da ta haura shekara 30 tana ciniki da mutuncinta ta koma ba ta tashi daga kujera sai kasuwa ta watse, don kada a ga tafiyarta. Ɗanta direban Micra ya zo layin 'yan baro ido jajur yana tambayar wane ne. Matan layin alabo suka haɗa baki, ranar ba su ba Bahaushe ko ɗaya dako ba. Mutum wajen goma sha suka koma Sabo hannu rabbana saboda waƙar mutum ɗaya.

A layin masu wake akwai wani dattijo haifaffen Sabo, wanda Yarabanci a bakinsa ba shi da bambanci da Hausa. Kafin ya koma sayar da wake, shagon kaset yake da shi a Sabo. Shekara da shekaru yana hawa mota zuwa Kano, ya saro finafinan Hausa a Ƙofar Wambai ya kawo Ibadan, tun ana kaset har aka koma faifai, har waya ta zo ta kashe sana'ar. Shi ne ya tari ɗan Iya ya ba shi haƙuri da harshen uwarsa, ya roƙi a ba shi kwana ɗaya. Bayan la'asar ya aika aka kira masa Bagobiri, ya nuna masa buhu ya ce ya zauna.

"Ɗana, na ga aikinka," in ji shi. "Wallahi ka iya. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki mutum kamar yadda ka ɗauki baiwar Allah nan ba. Wanda ya ba ka wannan ido shi zai tambaye ka abin da ka yi da shi."

Yaron ya sunkuyar da kai, amma bakinsa bai mutu ba. "Baba, mi na yi? Wasa ne fa. Ni Bagobiri ne, ita Bayarabiya. Kowa ya san abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni."

"Gaskiyarka, akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarabawa, yadda yake tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi. To faɗa mini, a garinku idan za ka tsokani abokin wasanka, a ina kake yi?"

"A gabanshi."

"In ka faɗa masa, shi kuma fa?"

"Shi rama."

"Madalla. To Iya tana wurin da ka yi naka? Mutanen Kano da Maraɗi da suka yi dariya, ta ina za ta bi ta rama a gabansu? Kakanninmu da suka kafa wasan nan sun kafa shi ne don mutum biyu su zagi juna su rabu suna dariya, gaba ta mutu. Kai ka yi dariya, duniya ta yi, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Kuma ko a wasan, ka taɓa jin an taɓa mutum a inda Allah ya jarrabe shi? Ana tsokanar Bayarabe da son barkono, ana tsokanar Bagobiri da zanen fuska da taurin kai. Ƙafar da mota ta karya ba ta cikin wasa."

Bagobiri ya yi shiru. Can ya ce, "Ai Ibro ma haka ya yi suna, Baba. Wa ya bari?"

Dattijo ya gyara zama, don an zo inda ya fi kowa sani. "Kai a waya ka san Ibro, guntu-guntu. Ni da kaset ɗinsa na ciyar da iyalina. Sunansa Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan ne, wani ƙauye kusa da Wudil, an haife shi a 1971. Ba daga sama ya faɗo cikin fim ba. Ya yi makarantar horon malamai a Wudil, sannan ya shiga aikin gandiroba, ya yi wajen shekara 8 yana tsaron fursuna. Lokacin harkar fim ɗin ma jaririya ce, don Turmin Danya da ake cewa shi ne na farko a 1990 ya fito. Ya bar albashin gwamnati ya kama abin da a lokacin iyaye ke ɗauka shashanci ne. Ni a ganina shekarun nan na gidan yari ba su tafi a banza ba. Wanda ya daɗe yana kallon ɓarawo da mazambaci da wanda aka zalunta a ɗaki ɗaya, ya san ɗan Adam."

Ya ɗebi wake a tafin hannu yana tsince tsakuwa yana magana. "Yanzu tuna finafinansa da ka gani. Idan ya sa jar hular nan tasa, wane ne matsoracin da ke cika baki, da an yi kukan kura ya riga kowa gudu? Wane ne makwaɗaicin da ake kamawa da hannu a tukunya? Wane ne mai wayon da wayonsa ke komawa kansa, matarsa Tsigai ta tona shi a gaban jama'a? Shi ne. Kansa yake miƙawa a yi wa dariya. Ya yi Ibro Awilo, ya kwaikwayi mawaƙin nan na Kwango, amma wanda ya zama abin dariya a ciki shi ne ɗan ƙauyen da ke son zama abin da bai kai ba. Waƙoƙinsa ma haka, ya ɗauki kiɗan da kowa ya sani ya ɗora masa zancen talaka. Shi ya sa mai baro zai biya kuɗin kallo ya ga rowarsa da tsoronsa da ƙaryarsa a jikin Ibro, ya yi dariya, ya tashi ba a ci masa mutunci ba. Wannan ita ce gwanintar, kuma ta fi kwaikwayon tafiya wuya nesa ba kusa ba."

"Ban ce maka waliyyi ne ba," ya ci gaba. "Akwai inda ya zarce, akwai finafinansa da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, irin su Ibro Usama. A 2008, zamanin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa wa 'yan fim, kotu ta yanke masa wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya kwana a ɗakin da ya saba kulle wasu. Har yau akwai masu cewa an zalunce shi, akwai masu cewa doka ce ta yi aikinta. Abin da nake so ka gani shi ne, sana'ar nan da kake ɗoki tana da farashi, kuma shi da jikinsa ya biya nasa. Kai naka wa ya biya? Tsohuwa mai alabo, da 'yan'uwanka da suka koma gida yau ba ko sisi."

Yaron ya fara share ido da bakin riga.

"Ranar 10 ga Disamba 2014 ya rasu, bai wuce shekara 43 ba. Ina Sabo labarin ya iso. Na ga mai shayi ya kashe rediyo ya zauna yana hawaye, na ga mahauta sun tsaya cirko-cirko. Mutumin da bai taɓa ba su ko kwabo ba, yawancinsu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Suna jin nasu ne ya tafi. In kai ka faɗi yau, Iya za ta ji nata ne ya tafi? Shekaranjiya da za ta ji."

Daga nan muryarsa ta sauka. "Saura abu ɗaya, kuma ya fi sauran nauyi. Ba ka nan a watan Fabrairun 2021. Ƙaramar sa'insa ce tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago a kasuwar Sasa, can hanyar Oyo. Kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, mutanenmu da nasu suka kwana a waje. Mu da aka haifa a garin nan mun san zaman da muke yi da Yarabawa ba a banza ya samu ba. Bashi ne da ake biya a kan lokaci, gaisuwar mutuwa ce, amanar da irin su Iya ke riƙe wa baƙo. Fiye da shekara 100 ana tara shi. Magana kuwa zarar bunu ce. Tashi ka je, kada rana ta faɗi ba ka same ta ba."

Ya je. Ya durƙusa a gaban rumfar, cikin idon matan layin duka, ya ce, "Iya, na yi kuskure, ki yafe mini don Allah." Iya ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta buɗe littafin bashi, ta juya bayansa, ta haɗa lissafin ajiyarsa. Ta kwance bakin zane ta ƙirgo kuɗinsa cif, ba ta rage naira ɗaya ba, ta ƙulle a leda ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Ɗauki kuɗinki. Ni ba ta iya ajiya kuma." Harshen da ya mayar abin dariya shi ne ya faɗa masa wannan magana, kuma ba wanda ya yi ko murmushi a layin.

Daren nan ya goge bidiyon daga shafinsa, abokin nasa na ta yi masa faɗa wai ya zubar da arzikinsa da hannunsa. Amma gogewar ba ta kai wayoyin da suka riga suka sauke ba. Washegari da asuba ya je ya sauke buhunan Iya ya jera mata ba tare da ta sa shi ba. Ta aiko yarinyarta da kuɗin dakon, don ba ta son alherinsa. Ya karɓa, ya koma washegari. Idan ya ji yaro na rera amshin nan sai ya ajiye baro ya bi shi ya roƙe shi ya daina, wani ya ji, wani ya ƙara ɗaga murya. Ya je tashar Micra ya sami ɗanta ya tsaya ya sha duk abin da ya faɗa masa. Matan layin suka dawo da ba Hausawa dako, amma shi Iya ba ta ko kallon inda yake. Haka aka ci watanni. A teburin mai shayi kuwa an daina jin muryarsa, har dattijo mai wake ya same shi ya ce, "Ban ce ka binne baiwarka ba, ɗana. Cewa na yi ka san wanda za ka ɗora wa nauyinta."

Ranar cika-ciki, 10 ga Muharram, lokacin da abokan wasa ke bin juna kuɗin shara kowa na cewa shi ne ubangidan ɗayan, Bagobiri ya turo baro zai wuce ta gaban rumfar kansa a ƙasa. Sai ya ji an ce da ƙarfi, "Ke! Bawan Gobir! Ina kuɗin shara na?" Shekarun da ta yi tana ciniki da Hausawa sun koya mata al'adar, kuma ta san abin da take yi. Ya tsaya cak. Ya laluba aljihu ya zube mata duk abin da ya samu a ranar. Ta zaɓi ƙaramar takarda ɗaya ta mayar masa da sauran, ta ce bawan da ya yi wannan rama ba a karɓar masa da yawa, kada ya mutu a kan hanya a ce Yarabawa ba sa ciyar da bayinsu. Layin alabo ya ɗauki shewa, ita ma tana dariya har tana dafa kujera.

Bayan haka ya koma waƙa da wasa, amma ya sauya wanda ake yi wa dariya. Ya ƙaga labarin Bagobirin da ya sauka Ibadan yana cika baki cewa jikan mayaƙan Alkalawa ne, da ya hangi dodon Yarabawa ya fito rawa ya jefar da baro da kayan mutane ya shige ƙarƙashin tirela. Ya yi na wanda ya rantse barkono ba ya yi masa komai, loma ɗaya ta miyar amala ta sa shi kiran sunan uwarsa. Kafin ya saki kowanne sai ya kai wa Iya ta gani. Wata rana ta ce a ɗauka da ita, ta zauna a kujerarta ta wanke Gobirawa tas da Hausarta ta kasuwa, shi yana tsugune yana karɓa.

Masu kallon waɗannan ba su kai rabin na farkon ba, kuma wannan abin kunya ne a kanmu masu kallo, don mu ne ke rububin inda aka tozarta wani mu yi sanyin hannu a inda aka yi wasa mai tsabta. Har yanzu bai tafi Kano ba, baro yake turawa. Sai dai ana kiransa bikin aure a Sabo ya yi waƙa a ba shi abin da ya samu, kuma ajiyarsa ta koma bayan littafin bashin Iya.

Tsohon bidiyon bai mutu ba. Lokaci-lokaci wani da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba zai tono shi ya sake watsawa, wani yaro ya zo gaban rumfar yana jan ƙafa, Iya ta yini ba ta tashi daga kujera ba. Mai karatu, idan irinsa ya shigo wayarka, ko na wace ce, don Allah ka goge shi, kada ka tura wa kowa.